Zuwa ga Manchester United, daga Mutanen Bencin Baya

Wani gidan kallo a Kano,
Talata, 7 ga Maris, 2023.

Da fatan kun isa gida lafiya daga Anfield, gidan Liverpool. Ba za mu tambaye ku yadda kuka kwana ba, don wanda aka yi wa bakwai da nema ba a yi masa wannan tambayar. Mu ma nan ƙalau muke, in ban da fita waje da ta gagare mu. Ku dubi kwanan watan da ke saman takardar nan, ku gani ko kalanda ma ba ta ƙyale mu ba.

Dalilin rubuto muku wannan 'yar wasiƙa shi ne, muna zargin ba ku san da mu ba. Ku a ganinku magoya bayanku su ne waɗanda ke cika Old Trafford da jajayen mayafai a wuya. To akwai wasu a nan, a ƙarƙashin rumfar kwano, kan bencin da ƙusa ta leƙo, janareta na kuka a baya, mai gyaɗa na ratsa sahu. Kuma ku sani, a wannan watan ba a shiga gidan kallo da sauƙi. Tun da aka sauya fasalin naira, takardar kuɗi ta zama abin nema da fitila. Mutum ya yini a layin banki, ya samo 'yan canjinsa, ya hana kansa shayi da burodi, ya miƙa wa mai ƙofa don ya kalle ku. Abin da kuka saka masa da shi ke nan ranar Lahadi.

Ai da shirinmu muka je. Mako guda kafin nan kun doke Newcastle 2 da nema a Wembley, kun ɗauki kofin Carabao, kofinku na farko tun 2017. A ranar ne David de Gea ya zarce Peter Schmeichel a yawan wasannin da ba a zura masa ƙwallo ba. Kuna na uku a teburin Firimiya, kun ba Liverpool tazarar maki goma, su kuwa ba su gama jinyar 5 da 2 da Real Madrid ta yi musu a gidansu ba. Har wasu cikinmu sun fara maganar kofuna huɗu a kakar bana. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan haka, yau wayarsa a kashe take, matarsa ta ce ya yi tafiya.

Kashin farko babu laifi, gaskiya ɗaya ce. Kun taka leda, Bruno Fernandes ya sa kai ta wuce gefe, Rashford ya samu tasa damar. Da Gakpo ya ci a minti na 43, muka ce ba komai, ɗaya ce, za a farke. Aka tafi hutun rabin lokaci, magariba ta kawo jiki, muka fita alwala. Raka'a uku ce fa, jama'a. Muka sallame, muka dawo da saurinmu muna gyara hula, sai muka tarar allo na nuna uku. Wani dattijo a kusa da ni ya tambaya ko maimaicin wani tsohon wasa aka sa. Aka ce masa a'a, Baba, Nunez ne ya ƙara, Gakpo ya sake. Ya ce to Lisandro Martinez fa, wanda kuke kira mahauci? Aka ce ai shi Salah ya juya har ya zauna a ƙasa. Dattijon nan bai ƙara magana ba, ya ciro carbi.

Daga nan sai abin ya zama rabon zakka. Salah ya ci, Nunez ya ƙara, Salah ya sake, har ya cika wa Liverpool ƙwallo 129 a Firimiya, ya karɓe tarihin Robbie Fowler a Liverpool, a kanku. Shi kuma ba damar mu yi masa baki, ɗan'uwa ne, ga goshinsa a ƙasa duk lokacin da ya ci. Sai aka sako Firmino daga benci, mutumin da aka riga aka ji zai bar ƙungiyar a ƙarshen kaka, shi ma kuka ba shi tasa ta sallama a minti na 88. Shida a kashi na biyu kaɗai. Rabon da a yi muku irin wannan tun 1931, a hannun Wolves, lokacin ko kakannin yawancinmu ba su yi kaciya ba.

Ku fahimce mu da kyau. Shan kashi ba baƙonmu ba ne, kun horar da mu. Liverpool ɗin nan ta yi muku 5 da nema har gida a Oktoban 2021, ta ƙara 4 a Afrilun 2022. Brentford ta zuba muku huɗu kafin a je hutu, Manchester City ta yi muku 6 da 3. Duk mun shanye. Abin da ya tsaya mana a wuya shi ne yadda kuka zubar da makamai ana tsakiyar yaƙi. Mun ga kyaftin ɗinku na ranar yana ta ɗaga hannuwa sama yana ƙorafi, yaro ya wuce shi da ƙwallo ya tsaya yana kallonsa kamar mai jiran a ba shi canji. Mun ga 'yan baya suna tafiyar ƙasaita ana kai musu hari. A filin unguwarmu, in aka ci yara huɗu, wani zai ɗauke ƙwallon ya ce tasa ce, ko a tayar da rigima a tashi wasan. Wannan ma ai kishi ne. Ku ko rigimar ba ku iya ba. Shi kuma Weghorst da kuka aro daga Burnley, me ya kai hannunsa kan allon nan na Anfield da 'yan Liverpool ke taɓawa don neman sa'a? Tun daga nan ya kamata mu tashi mu nemi a mayar mana da kuɗinmu.

Yanzu ga halin da kuka bar mu. Jiya da safe na je shago sayen sabulu, yaron shagon, ɗan Arsenal, ya buɗe firji ya miƙo mini 7Up mai sanyi, ya ce kyauta ce, in sha in huce. Mai shayi ya tambaye ni ƙwai nawa za a fasa, kafin in buɗe baki majalisa ta amsa gaba ɗaya. A gida ƙanena ya aiko ɗansa ya tambaye ni wai kwana nawa ne a mako. 'Yan Arsenal dai suna saman tebur, bakinsu ya buɗe, kuma makamin da muka daɗe muna riƙe musu, wato 8 da 2 na 2011, sun ce su ai ko ba komai sun ci biyu. Abin takaicin shi ne 'yan Chelsea, waɗanda ke can na goma suna fama da kansu, su ma sun samu bakin magana. Faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mayar da shi wasa, shi ya sa muke ta yaƙe, amma cikinmu ya san abin da ake ciki.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mu kam kullum a bara muke kwana. Tun da Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013, bayan ya ɗauki Firimiya sau 13, ba ku sake ɗaga kofin ba. Cikin kociyoyin da suka biyo bayansa, Moyes bai cika shekara ba, Van Gaal ya zo da littafinsa, Mourinho ya zo da faɗansa, Solskjaer ya zo da murmushi da labarin 1999, Rangnick ya duba ku ya ce sai an yi muku tiyatar zuciya, kuka sallami likitan. Kuɗi kuwa ba a magana: Pogba fam miliyan 89, ya koma Juventus kyauta, Maguire miliyan 80, yana benci, Sancho miliyan 73, Antony sama da miliyan 80, ƙafa ɗaya yake da ita, ita ma juyi ta fi iyawa. Da kun turo wakili Kano, da mun haɗa shi da dillali ɗaya daga Kantin Kwari ya koya masa yadda ake taya kaya.

Kocinku Ten Hag ba mu da faɗa da shi tukuna, mutumin yana ƙoƙari. An ce bayan abin kunyar Brentford ya sa 'yan wasa gudun kusan kilomita 14, shi ma ya bi su. To wannan karon tsakanin Liverpool da Manchester bai wuce kilomita hamsin da 'yan kai ba, kuma mun yi mamaki da muka ji a mota suka koma.

Buƙatunmu ba su da yawa. In kun san za ku yi irin wannan, ku sanar da mu tun ranar Juma'a, mutum ya nemi ɗaurin aure a wani gari. In kuma ya zama dole a ci ku, ku tsaya a uku, uku tana da magani, ana iya ɗora wa alƙalin wasa. Ranar Alhamis kuna da Real Betis, za mu zo, amma rigarku a ƙarƙashin kaftani za mu sa ta, sai mun ga kamun ludayinku.

Saura maganar masu gida. Mun san iyalan Glazer na Amurka da bashi suka saye ku a 2005, suka ɗora bashin a kanku, har yau rufin Old Trafford na yoyo ba a gyara ba. Mun kuma ji tun Nuwamba sun ce za su duba yiwuwar sayarwa, Sheikh Jassim na Qatar da Jim Ratcliffe sun taya. In ciniki bai faɗa ba, kada su yi gaggawar janyewa, mu ma nan bencin baya mun fara karo-karo. Sai dai a gaya musu tsofaffin takardun naira ne a hannunmu, amma kada su damu, Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu har ƙarshen Disamba.

Naku, ba don halinku ba,
Sakataren bencin baya.