Jinjina ga Masu Sayo Tarbiyya a Kwali

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya san wahalar da ke cikin sa yara arba'in su nutsu su saurara. Tun kaka da kakanni ake wannan fama: a yi lallashi, a yi tsawa, a kira uba, a raba mai surutu da abokinsa, a san sunan kowane yaro da halinsa da irin damuwar da ya baro a gida. Aiki ne mai cin rai wanda ba ya ƙarewa. Don haka wajibi ne a jinjina wa shugabannin hukumar makarantun gwamnati ta birnin Los Anjeles da ke jihar Kalifoniya a Amurka, waɗanda suka nuna wa duniya cewa duk wannan wahalar banza ce. Ashe tarbiyya haja ce. Takardar kwangila ake rubutawa, a sa hannu, babbar mota ta kawo ta a kwali. Sannunku da aiki, ranku ya daɗe.

Hukumar nan ita ce ta biyu a girma a duk Amurka. A 2013 tana da ɗalibai sama da 600,000, galibinsu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. A watan Yunin shekarar, ƙarƙashin shugabancin John Deasy, aka amince da kwangilar dala miliyan 30 da kamfanin Apple don a fara raba kwamfutar hannu ta iPad a makarantu 47, da niyyar kowane ɗalibi ya riƙe tasa daga bisani. An ƙiyasta aikin gaba ɗaya zai haura dala biliyan 1. Kowace na'ura ta tashi a kusan dala 700, tare da darussan da kamfanin Pearson zai zuba a ciki. Deasy ya ɗauki lamarin a matsayin yaƙin ƙwato wa ɗan talaka haƙƙinsa, ya riƙe irin abin da ɗan attajiri ke riƙewa. Wa zai ja da wannan magana mai daɗi?

Inda basirar ta fi fitowa shi ne wajen nemo kuɗin. Daga bashin da jama'a suka kaɗa ƙuri'a suka amince a ciwo don ginawa da gyara makarantu aka ɗebo, bashin da ake biya cikin shekaru 25. Na'urar kuwa, in ta yi shekara uku ko huɗu a hannun yaro ta yi ƙoƙari. Ke nan yaron da aka miƙa wa iPad yana ɗan shekara shida zai gama makaranta, ya kama aiki, ya fara biyan haraji, har yanzu ana biyan kuɗin na'urar da ta daɗe a juji. Wannan hangen nesa ba kowa Allah ke ba shi ba. Wasu malamai marasa godiya suka buɗe shafi a Facebook suna ta ɗora hotunan ban-ɗakunan da suka lalace, da famfunan da ba sa kawo ruwa, da rufin da ke zuba, wai gyara ya fi iPad. Ba su gane ba ne. Yaron da ke riƙe da duniya a tafin hannunsa, ina ruwansa da ban-ɗaki?

An kulle na'urorin tsaf kafin a raba su, don kada yara su shiga inda ba a so. Makullin ya yi mako guda. A watan Satumba, ɗalibai kusan 300 a makarantar sakandare ta Roosevelt suka gano cewa in mutum ya shiga wurin saiti ya goge bayanan da hukuma ta sanya, ƙofa ta buɗe. Nan da nan sai Facebook da YouTube da kiɗa. A wasu makarantun ma haka aka yi. A nan ne shugabanni suka nuna ƙwarewarsu wajen sarrafa ɗabi'ar ɗalibai: aka kira abin kutse, aka hana zuwa da na'ura gida, a wasu wuraren aka bi aka karɓe. Madalla da wannan adalci! An ajiye wa yaro mai jin yunwa farantin tsire a kan littafinsa, an rufe da faifai, an juya baya. Da ya ɗaga faifan sai aka tara jama'a ana mamakin lalacewar yaran zamani.

Daga nan sai alheri ya yi ta ɓullowa. Aka tuna cewa jarrabawar da za a rubuta a kan na'urorin tana buƙatar madannai, su kuwa ba a sa su a lissafi ba. Darussan Pearson ba su kammala ba. Da masu bincike suka zagaya ajujuwa 245 a 2014, a aji ɗaya tak suka tarar ana amfani da darussan. A watan Agustan shekarar aka dakatar da kwangilar, bayan wasiƙun imel sun nuna irin tuntuɓar da ta gudana tsakanin manyan hukumar da jami'an kamfanonin tun kafin a buɗe gasar neman kwangila. A Oktoba Deasy ya ajiye aiki. A Disamba jami'an hukumar binciken manyan laifuka ta FBI suka kwashi kwalaye 20 na takardu daga ofishin hukumar, ko da yake binciken ya ƙare ba a tuhumi kowa ba. A 2015 Apple ya amince ya mayar da dala miliyan 4.2. Su kuwa yaran Roosevelt, sunan masu kutse ya riga ya zagaya jaridun duniya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A wannan shekarar ta 2015 ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe ta OECD ta fitar da rahoto cewa ƙasashen da suka zuba maƙudan kuɗi wajen cika makarantu da kwamfuta ba su ga wani ci gaba na a-zo-a-gani ba a karatu ko lissafi ko kimiyya, kuma yaran da suka fi yawan amfani da kwamfuta a makaranta sakamakonsu ya fi muni. Mai raunin zuciya da ya ji haka sai ya ja da baya. Amma masu tafiyar da ilimi a Amurka jarumai ne. Darasin da suka ɗauka shi ne, in na'ura ta ɗauke hankalin yaro, maganinta wata na'urar da za ta yi gadinsa.

Haka kasuwar gadi ta buɗe. Kamfanoni irin su GoGuardian, wanda ke da mazauni a gefen Los Anjeles ɗin, suna sayar wa makarantu manhajar da ke nuna wa malami fuskar kwamfutar kowane ɗalibi. Ku leƙa irin wannan aji ku ga tsari. Malama tana zaune bayan teburinta, idonta a kan ƙananan hotuna talatin jere a gabanta. Can a layin baya wani yaro ya buɗe wasan ƙwallo. Ta danna, shafin ya rufe. Ya sake buɗe wani, ta sake rufewa. Bai ɗago ya dube ta ba, ba ta ɗago ta dube shi ba. Ba ta ga idanunsa sun yi ja don bai yi barci jiya ba, ba ta ga ya daina zama kusa da amininsa ba. Aji tsit, ko tari babu. Baƙo in ya wuce ta taga sai ya ce kai, waɗannan yara akwai ladabi. A ƙananan ajujuwa kuma akwai ClassDojo, inda ake ba yaro maki in ya zauna shiru, a cire in ya yi motsi, wani sauti ya tashi kowa ya ji, sakamakon ya tafi wayar uwarsa. An hutar da malami daga wahalar tambayar yaro abin da ke damunsa. Allah ya saka wa masu wannan ƙirƙira.

Kada a ce gadin ya tsaya a aji. A 2010 aka gano cewa hukumar makarantun Lower Merion da ke jihar Pensilbeniya ta yi amfani da kyamarar kwamfutocin da ta ba ɗalibai ta ɗauki hotuna sama da 50,000, har da na wani yaro yana barci a ɗakinsa. Sai da ta biya dala 610,000 aka kashe maganar a kotu. Ina malamin da zai iya irin wannan kulawa, ya bi ɗalibi har kan gadonsa? Bayanan da makarantu ke tarawa kuma suna nan a killace. Shaida ita ce abin da ya faru a Satumban 2022, lokacin da wasu ɓarayin intanet da ake kira Vice Society suka fasa rumbun hukumar Los Anjeles, suka nemi kuɗin fansa, da aka ƙi biya suka watsa abin da suka sata, ciki har da rahotannin lafiyar ƙwaƙwalwa na wasu da suka yi karatu a makarantun. Sirrin da yaro ya faɗa wa likita cikin amana ya zama abin da kowane ɗan iska zai iya saukewa.

Duk da haka gwiwar shugabanni ba ta yi sanyi ba. A Maris na 2024 hukumar ta ƙaddamar da Ed, wata manhajar hira mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, mai siffar rana tana murmushi, wadda aka ce za ta zama mataimakiyar kowane ɗalibi. Zuwa watan Yuni kamfanin AllHere da ya ƙera ta ya durƙushe, aka kashe Ed, bayan an biya kimanin dala miliyan 3. A cikin wannan watan na Yuni dai majalisar hukumar ta kaɗa ƙuri'a, biyar da biyu, ta haramta wa ɗalibai taɓa wayar salula tun daga shiga makaranta har tashi, dokar ta fara aiki a Fabrairun 2025. Bayan shekaru goma sha ɗaya an gano cewa gilashi mai haske yana hana yaro karatu. Barka da asuba! To yaya za a tabbatar da dokar? Sai aka sake komawa kasuwa. Makarantu da yawa suka sayo 'yan jakunkuna masu makullin maganaɗisu irin na kamfanin Yondr, yaro ya zura wayarsa da safe, a buɗe masa da yamma. A wurare da dama da jakunkunan suka shiga a Amurka, yara sun iya zura tsohuwar waya matacciya su ɓoye ta gasken a safa. Kwamfutar da makaranta ta ba su da hannunta kuwa tana nan buɗe a kan tebur.

A tsakiyar wannan tafiya ta ɗaukaka an sami wasu 'yan ƙauye da suka ƙi wayewa. A Janairun 2019 malamai sama da 30,000 na Los Anjeles suka tafi yajin aiki na kwanaki shida, suna tsaye cikin ruwan sama da jajayen riguna. Bayan ƙarin albashi, me suka nema? A rage yawan yara a aji, don akwai ajujuwan da suka haura arba'in. A sa ma'aikaciyar jinya a kowace makaranta kullum, ba sau ɗaya a mako ba. A kawo masu kula da ɗakin karatu. A ƙara masu ba ɗalibai shawara. Mutane suka roƙa, masu ido da kunne da zuciya. Kuma sai da suka ajiye alli suka fita titi kafin a saurare su, alhali iPad ba ta yi yajin ko minti ɗaya ba aka buɗe mata baitulmali.

A nan yabo ya ƙare mini, don abin yana ƙona mini rai. Yaron da ke tayar da hankalin aji yawanci wani abu yake faɗa wanda bakinsa ya kasa furtawa: bai gane darasin ba, ko yana jin yunwa, ko gidansu ba lafiya, ko ba wanda ya kira sunansa yau. Manhaja tana iya rufe masa shafi, ba ta iya jin wannan. Abin da gadi ke koya wa yaro shi ne ya nutsu in ana kallonsa, ya ƙware wajen ɓuya in an kau da kai. Tarbiyya kuwa ita ce abin da ya rage masa lokacin da ba kowa a wurin, kuma daga mutum ake ɗaukarta, mutumin da yaro ke jin kunyar ya ɓata masa rai. Masu ƙera kayan ma sun san haka. Steve Jobs da kansa, shugaban kamfanin Apple na lokacin, ya shaida wa wani ɗan jaridar New York Times a 2010 cewa 'ya'yansa ba su yi amfani da iPad ba, kuma ana taƙaita musu na'urori a gida. Ba ina cewa a kori kwamfuta daga makaranta ba. Makaho na karatu da ita, ɗan ƙauye na isa ga littafin da garinsu babu. Amma kayan aiki ce a hannun malami, a ɗauko ta don wani aiki, a mayar in an gama.

Mu ma abin ba baƙonmu ba ne. A 2007 aka raba ƙananan kwamfutoci na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, ba a yi wata nawa ba kamfanin dillancin labarai na Najeriya ya ba da rahoton yara na kallon hotunan batsa da su, sannan aka fara maganar sa makulli. Yau ga allunan talla na makarantun kuɗi a manyan garuruwanmu, yaro riƙe da kwamfutar hannu yana dariya, a ƙasa an rubuta kuɗin zango mai tsinka zuciya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Iyaye, in kun je neman wa ɗanku makaranta aka ja ku ɗakin na'urori ana nuna muku, ku gode, sannan ku tambaya: yara nawa ne a aji, nawa ake biyan malami, yaushe rabon da a biya shi, kuma shekara nawa ya yi a makarantar? In mai makaranta ya fara kame-kame, ku riƙe hannun ɗanku ku fita.