Baho Ya Toshe: Shawara ga Maigida Mai Gudun Zubar da Girma

Abin ba ya zuwa da sallama. Ran Litinin ka yi wanka, ruwa ya wuce abinsa. Ran Laraba ka ga yana jan ƙafa, kamar baƙon da aka rako har zaure ya tsaya ya ɗauko sabuwar hira. Kafin Juma'a ta zagayo kana tsaye tsamo-tsamo cikin ruwan kumfa har idon sawu, kana wanke sama ƙasa tana komawa gidan jiya, ga shi an yi kiran farko. To, ɗan'uwa, sannu da shigowa ƙungiya. Na riga ka da shekaru, don haka gyara zama.

Mu fara faɗa wa juna gaskiya: ba mai kwanciya a baho a garin nan. Bature ya ƙera abinsa don ya cika shi da ruwa ya shiga ya jiƙa kamar wake, kuma cika shi kan ci lita 150 ko fiye, wato jarka shida ta mai ruwa a wanka guda. Wa zai yi wannan ɓarna? Mu bokiti muke sakawa a ciki, mu tsallaka mu tsaya, mu yi wankanmu irin na kaka da kakanni. Amfaninsa ɗaya, baƙo ya leƙa ya ce gidan ya haɗu. A gidan da na tashi, rariya rami ce a gindin katanga, kana ganinta tana ganinka. In ta toshe a aiki yaro da kara ya zungure ta, magana ta ƙare. Baho kuwa ya binne tasa rariyar ƙarƙashin tayil, kamar mai ɓoye wa magada dukiya.

Matakin farko, wanda kowane maigida ya iya ba sai an koya masa ba, shi ne kafa kwamitin bincike. Ka fito da tawul a wuya, ka tsaya a tsakiyar falo, ka tambaya da murya mai nauyi, "Wai wa ke zuba abu a bahon nan?" Uwargida, ko ɗago kai ba za ta yi ba, za ta ce, "Maigida, ai sai ka tambayi mai gyaran gemu duk Juma'a." Yara za su ce auta ne. Auta bai fara magana ba tukuna, don haka shari'a ta ƙare a kansa.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Likitocin fata sun ce kan mutum lafiyayye kan zubar da silin gashi 50 zuwa 100 kowace rana. Mai kitso nata ba ya faɗuwa, maƙalewa yake a cikin kitson yana jiran ranar tsefe. In kitso ya yi mako biyu, yi lissafi da kanka: sili 700 zuwa 1,400 ne za su sauka a zama ɗaya, in an zo wankin kai su bi ruwa. Wannan lissafi ka bar shi a cikinka. Na taɓa gabatar da shi gaban uwargida da 'yan matana biyu, har da biro da takarda. Daren nan da garin kwaki na kwana.

In kuma za a yi adalci, gashi shi kaɗai ba ya toshe bututu. Rodi ne kawai. Simintin kowa na kawo nasa: sabulu in ya gamu da ruwan burtsatse mai yawan sinadarin kalsiyam ba ya narkewa duka, sai ya bar wani farin abu mai danƙo, irin wanda kake gani ya yi zobe a jikin bokiti. Ƙara masa basilin ɗin da ake laftawa da hunturu, ga ragowar dilka da lalle in biki ya matso. Yashi kuwa kyauta ne, ƙurar hunturu da lakar gindin tanki sun wadatar. Ga rodi, ga siminti, ga yashi, ga ban ruwa safe da yamma. Kankare kuka zuba, ku duka gidan, ba wanda ya biya lebura.

Ginin ma ba nisa yake ba. Ƙarƙashin ramin baho bututun yana da wata lanƙwasa, da gangan aka yi ta don ɗan ruwa ya riƙa kwanciya a ciki ya tare warin sokawe kada ya biyo ya shigo ɗaki. Bututun duka faɗinsa inci ɗaya da rabi ne. Yawancin toshiya tana nan tsakanin bakin ramin da wannan lanƙwasa, tafiyar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Duk wata dabara da za ka ji a bakin mutane, hanya ce ta gudun sa hannu a wurin.

Ta farko ruwan zafi. Ba laifi, yana narkar da maiƙo, in toshiyar jaririya ce yakan isa. Sai dai ka sirka. Bututun gidajenmu na roba ne, an yi shi don zafin da bai wuce digiri 60 ba, tafasasshen ruwa kuwa 100 ne. Ka juye tukunya guda daga kan wuta, ka sassauta mahaɗa, sai ruwan ya daina tsayawa a baho ya koma sauka ta rufin ɗakin maƙwabcinka na ƙasa. Ita ma buɗewa ce, amma mai ƙarewa a gaban mai unguwa.

Ta biyu ta 'yan TikTok ce: a zuba bekin soda, a bi shi da khal, a ja da baya. Ina ba da shawarar a yi ta, musamman in yara suna hutu. Kumfa za ta taso tana shuuu, auta ya yi tafi, kai ma ka ji kamar ka yi digiri a kimiyya. Abin da ya faru shi ne, ɗaya tsami ne, ɗaya ɗan'uwan kanwa, sun kashe ƙarfin juna, sun bar maka ruwa mai ɗan gishiri da iska irin ta lemon kwalba. Gashi yana ƙasa yana kallo, ya samu wanka kyauta. Wata gwaggona ta ce a jiƙa kanwa da tsamiya a zuba. Na ce, "Gwaggo, in an ƙara gero ai sai a kira mutane buɗa-baki."

Ta uku ba wasa a cikinta, don haka bari in ɗan ɗaure fuska. Soda, wadda mata masu haɗa sabulu ke saye, da gaske tana cin gashi da maiƙo. Matsalarta ba ta san bambancin gashin bututu da fatar hannunka ba. In ta taɓa ruwa zafi take ɗauka, tana iya tartsatsi, ɗigo ɗaya a ido ya isa ya makantar. Garin neman gira a rasa ido, a nan ba karin magana ba ne. In ka nace, to safar hannu ta roba, tabarau, taga a buɗe, yara a waje. Kada ka bi ta da asid ɗin wanke tayil wai don a ƙara ƙarfi. Kada kuma ka taɓa haɗa asid da bilic irin su Hypo ko Jik, domin iskar kulorin ke tashi, irin wadda sojojin Jamus suka saki a fagen fama a Beljiyam a 1915, banɗakinka kuwa bai kai faɗin Beljiyam ba. Wanda soda ta fallatsar wa ya yi ta kwarara ruwa a wurin kamar minti 20, sannan a wuce asibiti. In ka zuba ba ta buɗe ba, yanzu kana da toshiya ga tafkin guba a samanta. Duk wanda zai taɓa wurin bayanka, gaya masa.

To, ga aikin na gaskiya, wanda ya kamata a fara da shi tun ran Laraba. Jira gida ya yi shiru. Kulle ƙofa. Tuɓe babbar riga, don ba a durƙusa wa baho da malum-malum. Ɗauko hanga ta waya, warware ta da filaya, ka lanƙwasa bakinta kamar ƙugiyar fatsa. Haska da tocila, zura wayar ta ramukan murfin, juya a hankali, ka jawo. Jawowa na ce, ba turawa ba. Mai turawa aika matsalar yake can inda hannu ba ya kaiwa. Kusar da ke tsakiyar murfin kuma ka yi hattara da ita. A baho da yawa ita ke riƙe da bututun ta ƙasa, kana kwance ta gaba ɗaya za ka ji ƙwal, abin ya faɗa inda sai an fasa tayil.

Abin da zai biyo wayar, ba zan ɓoye maka ba, kama yake da gafiyar da ta rasu tun damina. Baƙi, dogo, mai yauƙi, ga wari. Kada ka yi ihu, akwai iyali a gida. Ci gaba da ja. A nawa na ciro ribom biyu, da murfin man goge baki, da guntun soso, da ɗan kunne ƙwaya ɗaya wanda aka yi wata uku ana hararar 'yar aiki a kansa, har yau ana ba ta haƙuri. Zuba komai a leda ka ƙulle. Kada ka jefa a masai, ka toshe babbar hanya garin share lungu.

In bayan wannan ruwa na nan yana nazari, sai robar nan mai sanda da ake zuƙo toshiya da ita, amma ba a kan ruwan da aka zuba wa soda ba. Mutane da yawa sun saya sun ce ba ta aiki. Tana yi. Sirrin yana ga ramin nan na sama a jikin baho, wanda aka yi don kada ruwa ya tumbatsa. Bututunsa haɗe yake da na ƙasa, in ka bar shi a buɗe duk ƙarfin da ka danna ta nan yake zurarewa. Cusa masa jiƙaƙƙen tsumma, tara ruwa ya rufe robar, ka danna ka ɗago wajen sau ashirin, kamar mai kirɓa sakwara. In ka ji ƙwuuut, ruwa ya yi juyi ya nutse, yi hamdala, wanke hannu, mayar da babbar riga, ka fito ka ce, "Ɗan abu ne kaɗan."

Akwai kuma lokacin sallamawa. In ka ga wurin wanke hannu ma yana jan ƙafa, masai yana gurnani in an kora ruwa, musamman a watan Agusta da ƙasa ta ƙoshi, to ba gashi ba ne, sokawe ce ta cika, masu kwashewa za ka nema. In kuwa tun ranar da kuka tare ruwan bai taɓa gudu ba, mai ginin ne ya shimfiɗa bututu ba gangare, ruwa kuma ba ya hawa tudu don kunyar maigida. Nan sai falamba. Zai shigo, ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wa ya yi muku wannan aikin?" Ko da kuwa shi ya yi bara. Sai ya ɗora da, "Gaskiya sai an fasa." Kafin ka amince, ce masa ya buɗe ƙaramin ramin nan mai murfin siminti na bayan banɗaki ya zura doguwar wayarsa ta can. Kuɗin kaya kuwa, in a Kano kake, ku tafi Ƙofar Ruwa tare. Nawa ya tafi shi kaɗai da hantsi sayo gwiwar bututu ɗaya, sai bayan kwana biyu na gan shi, a wurin ɗaurin aure.

In baho ya buɗe, saura hana shi sake toshewa. Ana sayar da 'yar raga da ake ɗorawa a bakin ramin ta tare gashi, a kwashe bayan kowane wanka. Tsefe a yi shi a tsakar gida, a taje sosai kafin a shiga wankin kai. Gemu a gyara shi a kan tsohuwar jarida. Ni ranar ban sami ragar a shagon unguwa ba, sai na tuna Bahaushe suna ɗaya ya ba ramin ruwa da abin tankaɗe, ba kuwa zai yi haka a banza ba. Na faki ido na shiga kicin, na ɗauko rariyar uwargida, na yanka daidai bakin ramin na ɗora. Wata huɗu ke nan baho bai sake toshewa ba. Tuwon gidanmu dai har yau da gudaji.