Ku da Kuka Ce Kallon Zalɓe Aikin Marar Aikin Yi Ne

Tun da na yi kuskuren faɗa muku na kwana biyu a Dagona ina kallon tsuntsaye, ban huta ba. Wani ya tambaye ni nawa ake biyana. Wani ya ce tunda ban tafi da danƙo ba, na yi asarar kuɗin mota. Alhajin da ya fi kowa ƙyaƙyatawa kuwa shi ne mai biyan kuɗi duk Asabar ya zauna cikin zafin gidan kallo, yana yi wa yaran Ingila ihu, su ko ba su san da zamansa ba. To ranka ya daɗe, ni nawa baƙin Turan da kansu suke zuwa. Hunturu na kamawa agwagin ruwa ke tsallako Sahara su sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru, inda Dagona take, ba fasfo, ba biza.

Kuma ba a kaina haukan ya fara ba. A 1989 Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya taka har Dagona saboda abin nan da kuke yi mini dariya a kai. A 2000 tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. Na san ku dai, cewa za ku yi Yariman Bature ne, ƙoshi ya yi masa yawa.

To ga jarrabawa. Tsuntsu ya gifta sama, dogayen ƙafafu a baya. Zalɓe ne ko shamuwa? Shiru ke nan? Wuya za ku duba. Zalɓe da balbela lanƙwashe shi suke yi in sun tashi, kai ya koma tsakanin kafaɗu, shamuwa da gauraka kuwa miƙe nasu suke yi samɓal. Yaron da ya tuƙa ni a kwalekwale ne ya koya mini, bayan ya gama yi mini irin kallon da nake yi muku yanzu.

Sheƙar balbela ce abin gani. Da damina balbela kan yi kwalliya, farar rigar nan ta sami ruwan goro a ka da ƙirji, sai su haɗu a bishiya guda, bagaruwa ko tsamiya, ɗaki kan ɗaki kamar gidan haya. Ginin ma na ganin dama ne, 'yan ƙirare aka gicciya, a ɗora ƙwai shuɗi-shuɗi a kai. Uwa da uba karɓa-karɓa suke kwanci sama da mako uku, kuma maƙwabci na juya baya za a zare masa kara. Hayaniya kuwa, kasuwar Kurmi albarka. A ƙasa guza na zagaye, yana jiran ɗan da zai suɓuto. Ni ma a ƙasan na tsaya, baki sake, da sabuwar hulata zanna. Abin da ya sauko mata, har yau mai wankin hula bai yafe mini ba.

Zalɓe shi dattijo ne. Zai tsaya cikin ruwa ƙiƙam har ka ɗauka kututture ne. Kifi na ganin mai jar koma, amma zalɓe sai ya ji shi a maƙogwaro.

Alhaji, bandar kifin da kake yi wa ciniki a Kano, inda zalɓen nan yake tsayawa ake kamo irinta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Ka tambayi masuntan Nguru, su ba su ga abin dariya ba.

In baƙin Turai kake son gani, zo a Janairu da asuba. In sheƙa ce, sai Agusta. Hula dai ka taho da tsohuwa.