Likitocin Baƙin Allo

Kwamfutar tebur ce a wani shagon buga takardu a Aboabo. Da dare ta ce za ta sabunta kanta, da safe aka kunna ta, sai baƙin allo da 'yar kibiya tana yawo ita kaɗai kamar akuyar da ta ɓace a kasuwar Kejetia. Kafin kokon safe ya huce, likitoci sun cika ƙofa.

Na farko mai ita ne, Alhajin "wallahi ban taɓa komai ba". Sai an matsa masa yake tuna cewa allon ya rubuta kada a kashe, shi kuwa ya ga lissafin ya maƙale a 30 cikin 100, ga kiran isha'i, ga kuɗin mita na zurarewa, sai ya zare waya daga bango. Wannan a wurinsa tattali ne, bai shiga lissafin taɓawa ba.

Sai bakaniken Suame Magazine, wanda ya yi imani inji duk inji ne. Ya kara kunne, ya ce fanka na juyawa, ashe ciwon na wayarin ne. Ya ɗauke ta da mari biyu a kwiɓi, ya ce a miƙo sifana.

Ga Boga, wanda ya sha sanyin Hambug ya dawo da hular sanyi ko a watan Maris. "Alhaji, irin wannan a Jamus bakin titi muke ajiye ta." Ba ƙarya ya yi ba, don daga bakin titin ya kwaso ta, ya sako ta a kwantena ta tashar Tema, ya sayar wa Alhaji. Kuma yana da rabin gaskiya: tun 14 ga Oktoba 2025 aka janye tallafin Windows 10, Windows 11 kuma tana neman wani ɗan guntun tsaro, TPM 2.0, wanda tsofaffin nan da yawa ba su da shi. A ƙarshen jawabin yakan ce akwai wata a ɗakinsa, farashin gida.

Mai rediyo a kunne jaje ya zo yi. Ya tuna wa jama'a 19 ga Yuli 2024, ranar da sabuntawar CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci wajen miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi a Amurka. In raƙumi ya durƙusa, wa zai zagi jaki? Ɗan siyasa ya ce dumsor ce, wato yawan ɗauke wuta, ya faɗi gwamnatin da ta jawo. Hajiya ta ce bakin mutane ne, ta yi tofi a kan allon.

Wanda nake tsoro shi ne sarkin fomat. Filas rataye a wuyansa kamar laya, maganinsa ɗaya ga kowace cuta: "Masa, a wanke ta kawai." Ciwon kai, a yanke kai. Hotunan suna, takardun makaranta, katin bikin da za a karɓa gobe, duk a wurinsa datti ne. Da Alhaji ya ce ai littafin bashin shago yana ciki, sai mutum uku da tun ɗazu ba su ce uffan ba suka goyi bayan wankin da babbar murya.

Can 'yar Alhaji, ɗalibar jami'ar KNUST da ta zo hutu, ta ajiye kwanon ƙosai ta ce, "Baba, bari in gani." Ta danna Ctrl da Shift da Esc tare, wata taga ta buɗe, ta rubuta explorer.exe. Manhajar da ke shimfiɗa gumaka da sandar ƙasa ce ta makara ba ta tashi ba, da aka kira sunanta ta amsa. Ta kwafe fayiloli a filas, ta cire sabuntawar jiya. Ta ce da abin ya ƙi, sai a katse tashin kwamfutar sau uku, ita da kanta za ta kai mutum ɗakin gyara. Alhaji ya ce ashe kashewa ma magani ce, shi dama ya sani.

Bakanike ya ce marinsa ne ya ratsa a hankali. Hajiya ta ce tofi ba ya faɗuwa ƙasa. Alhaji ya gyara tabarau, ya buɗe littafin bashi, ya ɗaga kai zai kira suna na farko, sai ya ga benci ba kowa.