Bayan Fure Ya Kaɗe

A Holan, watan Afrilu kowa gwani ne. Taga bayan taga tukunyar furen tulip ce, ja da fari da ruwan ɗorawa. Sai Mayu ya kama, fure ya kaɗe, ganye ya fara langaɓewa, sannan hali ke fitowa fili.

Ga sarauniyar tsafta. Idonta ba ya jure ganye mai yaushi a falo, don haka ranar da furen ƙarshe ya faɗi take ɗauko almakashi ta yi wa tukunyar ƙwal-kwabo. Alhali ganyen nan da ta tsana shi ke tara wa albasar tulip ɗin da ke ƙarƙashin ƙasa abincin baɗi. Kan furen kaɗai ake tsinkewa, kada ya ɓata ƙarfi wajen yin iri, a bar ganyen kamar mako shida har ya bushe don kansa. Baɗi in ba ta ga fure ba, mai shago ne zai sha tsinuwa. Tana da ƙanwa mai tausayi: ita ba ta yankewa, kitso take yi wa ganyen ta ɗaure da roba, ta hana shi shan rana cikin ladabi.

Mai leda kuwa komai ya yi daidai. Ya jira, ya tone, ya kakkaɓe ƙasa, sai kuma ya zuba albasar da danshinta a leda ya ƙulle tam. Da jakar takarda ko raga ya samu, ya shanya ta tukuna ya rataye a inuwa mai iska, da an zauna lafiya. Kafin Agusta wari ne ke sanar da mutanen gida inda ya ɓoye dukiyarsa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai ilimi. Ya karanta cewa asalin tulip duwatsun tsakiyar Asiya ne, kuma sai ya sha sanyin mako 12 zuwa 16 yake fure, to firiji ya nufa, ko da yake hunturun Holan kyauta yake wannan aiki. Ya jera albasar kusa da tuffa, bai kai shafin da aka ce tuffa na fitar da iskar etilin mai kashe furen tun yana ciki ba. Kullum kuma a tsorace yake kada wani ya yanka ta a miya. Mutanen ƙasar sun ci ta a hunturun yunwa na 1944 zuwa 1945, amma uwar bari ce ta sa, ba marmari ba.

Akwai ɗan kasuwa, mai ƙirga 'yan ƙananan albasar da uwar ta haifa yana lissafin riba. Jikan mutanen da kasuwar tulip ta rushe a kansu ne a Fabrairun 1637. Ba wanda ya gaya masa 'ya'yan nan sai sun yi shekaru kafin su yi fure.

Mantau ya tura tukunya bayan gida, ruwa ya dake ta, ɓera ya ɗebi rabonsa. Lokacin da mutane ke dashe a Oktoba da Nuwamba, suna auna rami ninki uku na tsayin albasa, suna duba tsini ya kalli sama, shi bai ma tuna yana da tukunya ba. Abin haushin, wata shekarar nasa ne ke fure.

Duk waɗannan, duk da saɓaninsu, bakinsu ɗaya wajen zagin mai zubarwa, wanda ke juye tukunya a kwandon takin gida ya sayi sabuwa da kaka. Almubazzari suke ce masa. Shi kuwa hujjarsa biyu: tulip ɗin da aka tilasta wa yin fure da wuri a tukunya ya riga ya galabaita, da ƙyar yake maimaitawa, kuma lambun Keukenhof da ke Lisse, wanda duniya ke tururuwar gani, tone nasa yake yi duk shekara ya dasa sababbi kusan miliyan 7, ba a taɓa jin wanda ya je ƙofarsu ya yi musu wa'azi ba.