Marsandi a Bolori: saƙo ga bawana Babarbare

Labari ya iske ni har ruga cewa tun da aka biya ka kuɗin kwalayen banda a Tashar Baga ka daina amsa sallamar talakawa. Wai kullum bayan la'asar kana gindin darbejiya a Bolori, ka karkata zanna-bukar, kana shafa waya kana nuna wa jama'a sababbin Marsandi, kana cewa wannan ce taka in Allah ya yarda. To bawa ba ya sayen abin hawa sai da sanin ubangidansa. Gyara zama.

Mu fara da kuɗin, tunda nan ne idonka yake tsallakewa. A Amurka, a 2025, ƙaramar cikinsu da ake ganin mutuncinta, C-Class, tana neman dala 50,000. E-Class ta haura 60,000, S-Class ta wuce 110,000. G 63, wannan mai kama da akwati da 'ya'yan manya ke yi wa layi, ta zarce 180,000. Maybach ta S-Class kuwa daga wajen 200,000 ake fara ciniki. Ka lissafa dala a kan naira 1,500, za ka ga Maybach ta tashi naira miliyan 300. Tana can ƙetare ke nan, ba a biya jirgin ruwa ba, kwastan ba su ɗora nasu ba a Legas, ba a kuma sallami mai tirelar da zai goyo ta har Yerwa ba. In ma an yi wa bijimi kuɗi miliyan ɗaya, garken bijimai 300 kake magana. Ni da na gaji sanda na san yawan ƙurar da suke tayarwa. Kai da lissafinka ya tsaya a kwalin kifi, Allah ya ba ka haƙuri. Da ka yi wannan mafarkin kafin Yunin 2023, lokacin da dalar gwamnati ke wajen naira 460, da sai in ce ka yi ƙoƙari.

Yanzu ga abin da za ka biya wa wannan dukiya. Kujerun S-Class suna ɗumama kansu, har madogarin hannu yana ɗumi. A Maiduguri! Garin da a watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40, ƙarfen bel ɗin kujera ma sai da dabara ake taɓa shi. Akwai tausa da suka ce irin ta duwatsu masu zafi ce, ga 'yar kwalbar turare a akwatin gaba da ke fesa ƙamshi ta bututun iska. Nan kam na tausaya wa Jamusawa. Da sun taɓa shiga ɗakin da uwargidanka ta turara da turaren wuta, ta bi da humra, da sun cire kwalbar nan don kunya. Kifi kuka fi mu ci, amma turare na sallama muku.

A bayan Maybach, in ka ƙara kuɗi, akwai firji da kofuna masu ruwan azurfa da aka yi don abin shan da ni da kai ba ma sha; ardeb, ruwan tsamiyarku, za ka zuba, na sani. Amma ka lura, duk daɗin motar a baya yake. An ƙera ta ne don mai direba. Kai kuwa da kanka za ka tuƙa, don ba ka iya biyan albashi, sai yaran unguwa su miƙe ƙafa a kujerar mai gida kai kana gaba kana musu aiki.

Za ka ce mata "Hey Mercedes" ta amsa, ta ƙara sanyi ko ta nemo hanya. Ba ta jin Barbarci. Fulatanci ma ba ta ji, amma mu ba mu ce za mu saya ba.

Na ji kuma kana yabon G 580 mai lantarki da ta fito a 2024, mai inji huɗu, kowace taya da nata, wadda ke iya juyawa a inda take tsaye. Wannan juyin zai yi maka amfani in Keke Napep sun cushe titin Baga, tunda tun Yulin 2011 da aka hana acaɓa su ne sarakan hanya. Sai dai ina za ka yi caji? Ka manta Janairun 2021, da aka kayar da turakun wuta a hanyar Damaturu, gari ya daɗe a duhu? Tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris 2023 maƙwabciyarka ce, amma ba don motarka aka gina ta ba. In lantarkin kake so da gaske, ga ɗan garinku Mustapha Gajibo yana mai da bas-bas masu aiki da batir. Hau ka biya kuɗin mota kamar kowa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne haya a cikin mallaka. A 2022 kamfanin ya sanar cewa zai riƙa karɓar dala 1,200 a shekara daga masu wasu motocinsa na lantarki a Amurka kafin ya sake musu cikakken ƙarfin injin. Mota taka, gudu nasu. Ka daina biya, su rage.

Abu ɗaya na ga an yi dominka: Maybach GLS tana iya yin tsalle-tsalle a kan ƙafafunta don ta fita in ta kafe a rairayi. Lungunanku kuwa akwai yashi. Amma ranar da wannan ƙafa mai iska ta sace, bakaniken da ke gyara maka komai da guduma da ledar taya zai leƙa ƙasa, ya miƙe ya karkaɗe wando, ya ce sai an sa mata kwamfuta, kayan kuma sai an yi oda. Ga mai: injin yana son fetur mai tsabta, kai kuma ɗan bumburutu ne abokin cinikinka, da galan da mazurari da tsumma.

Iyayenka sun fi ka wayo. V-boot ɗin da aka fara ƙerawa a tsakiyar shekarun 1980 suka riƙe, mai ƙarfe kamar tukunya, kowane gareji ya san cikinta, kayanta na nan a kasuwa. Nemi irinta ko 'yar Kwatano mai sanyin kirki, tauraron gaban ai iri ɗaya ne. Rarar kuɗin kuma ka ware mini kuɗin shara na bana da na bara, ka haɗa da kwalin banda guda, tarwaɗa nake so. In ka kawo da kanka zan sa a dama maka fura da nono mai kyau, ka sha a tsugune.