Masu Farautar Firi-amf

A cikin kayan sauti masu tsada da mawadata ke jerawa a falo a Amurka, Jamus ko Japan, babu akwatin da aikinsa ya kai na firi-amf ƙanƙanta, babu kuma wanda ake hana ido barci a kansa kamarsa. Abin da yake yi bai wuce ya zaɓi inda kiɗa zai fito ba, ko faifan garmaho ko CD ko kwamfuta, ya ƙara murya ko ya rage, sannan ya miƙa saƙon ga babbar amfilifaya mai ƙarfin tura lasifika. Ɗan aike ne kawai, ɗan aiken kirki kuwa ba ya ƙara gishiri, ba ya gutsurar saƙo a hanya. Wato firi-amf ɗin da ya fi kowanne shi ne wanda ba a jin sa ko kaɗan. Ka ga kenan mutum zai zuba dubban daloli yana neman abin da ranar da ya same shi ba zai ji shi ba. Shi ya sa kallon masu neman ya fi kallon akwatin daɗi.

Dattijonsu shi ne Mai Kwalabe. Shi a wurinsa duniya ta lalace ne tun ranar da taransisto ta kori bawul, waɗannan kwalaben gilashi masu ja kamar garwashi da ke cikin rediyon da. Idan ka kai masa ziyara ba za ka ji kiɗa nan take ba. Sai ya kunna akwatin ya ce a ba shi rabin awa ya yi ɗumi, a cikin rabin awan nan kuma zai janyo wata 'yar durowa ya gabatar maka da iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Dukkansu 12AX7 ne, wadda Turawan Turai ke kira ECC83, amma kada ka kuskura ka ce iri ɗaya ne. Wannan Telefunken ce ta Jamus, zai juya gindinta ya nuna maka 'yar alamar lu'ulu'u da ke jikin gilashin, shaidar ba jabu ba ce. Waccan Mullard ce daga masana'antar Blackburn ta Ingila, wadda aka rufe tun da daɗewa. Sababbin da ake yi yanzu a Rasha da Sulobakiya da Sin yana riƙe su da yatsa biyu yana yatsina fuska, ko da yake a 2022, da yaƙin Yukiren ya sa na Rasha suka yi wuya, shi ne na farko a layin saye. Gaskiyar da ba ya son ji ita ce, daɗin nan da yake kira ɗumi yawanci ɗan ƙari ne da kwalbar ke yi wa sautin, ƙarin da kunne ke so. Ni ban ga laifin son wannan ba. Laifinsa ɗaya, ya rantse cewa haka mawaƙin ya rera. Sannan sai ya kashe fitilar ɗakin, wai don ka fi jin kiɗan, alhali so yake ka ga kwalaben suna haske.

Abokin gabarsa shi ne Mai Awo. Wannan bai yarda da kunnen kowa ba, har nasa. Ka ce masa wani akwati ya yi maka daɗi, sai ya tambaye ka sifili nawa ne bayan ɗigo a ma'aunin gurɓatar sautinsa. Yana iya sayar da firi-amf mai sifili uku ya sayi mai sifili huɗu, yana sane sarai cewa duk biyun sun wuce inda kunnen ɗan Adam ke kaiwa, domin shi ne ma ya koya maka hakan makon jiya. Labarin da ya fi so a duniya shi ne na 1985, lokacin da injiniya Bob Carver ya ƙalubalanci mujallar Stereophile cewa zai gyara amfilifayarsa mai araha ta yi sauti daidai da duk wata mai tsada da suka zaɓa, daga ƙarshe editocin suka amsa cewa sun kasa bambance su. Ya ba ka labarin nan sau bakwai, zai kuma ƙara. A yawancin gardamarsu shi ke da gaskiya, sai dai babu mai son a zaunar da shi kusa da shi a wajen walima. Ka tambaye shi wace waƙa ya saurara jiya da dare, sai ka ji shiru.

Akwai Mai Gudun Duniya. Shi ya yi lissafi ne: tun da CD ta fito a 1982, na'urarta na fitar da kusan bolt 2, wanda ya ishi yawancin amfilifayoyi su kai ƙarshen ƙarfinsu. To me ya kawo ƙarin ƙarfi a tsakani? Sai ya sayi akwatin da ba ya cin wuta, babu komai a cikinsa sai mamurɗin murya guda ɗaya da waya taƙi biyu. Kuɗinsa kuwa ya fi na wanda aka cika da kaya. Maɓallan gyara amo, irin tsarin da Peter Baxandall ya fito da shi a 1952 duniya ta yi ta amfani da shi, a ganinsa ƙazanta ne. Rimot ma haka. Don haka a kowace waƙa sai ya miƙe daga kujera ya taka ya murɗa, ya dawo ya zauna, ya ga ya yi yawa, ya sake miƙewa. Idan wayarsa ta yi tsawo, siraran muryoyi su dusashe, ganga ta yi sanyi, sai ya ce ai wannan shi ne sauti na gaskiya, ku ne kuka saba da ado.

Wanda nake ɗaga wa ƙafa shi ne Mai Faifai, domin shi dai yana da uzuri. Abin da allura ke ɗaukowa daga faifan garmaho ɗan mitsitsi ne, wasu alluran ba sa ba da ko kashi ɗaya cikin dubu na bolt guda, dole a ninka shi wajen sau dubu kafin ya zama abin ji. Ga shi kuma tun wajen yanka faifan an rage amo mai kauri an ƙara siriri, bisa ƙa'idar RIAA da aka tsayar a 1954, sai an juya wannan daidai wa daida kafin kiɗa ya dawo hayyacinsa. A nan kam akwati ya fi akwati, kowa zai ji. Illarsa dai, rabin rayuwarsa a durƙushe take a bayan kanta, da tocila a baki, yana neman inda wani ɗan gurnani ke fitowa.

Mai Tsohon Hannu kuwa ya yi imani an gama ƙera firi-amf tun 1958, shekarar da Marantz ta fitar da Model 7 a New York. In ya sassauta, ya yarda da McIntosh C22 ta 1963. Ya biya kuɗin da za su sayi mota ya sayo ɗaya, ga shi yanzu ya rasa inda zai sa kansa. Kafasitocin ciki sun tsufa, suna yoyo, lasifikar hagu tana tari. Idan ya ba mai gyara ya sauya su, akwatin ya tashi daga na asali, darajarsa ta faɗi. Idan ya bar su, ba ya jiyuwa. Sai ya zaɓi hanya ta uku: ya goge shi da ƙyalle mai laushi ya ajiye a kanta, ya riƙa jin labarai a wayarsa.

Mai Zargin Wuta bai ga laifin akwatinsa ba, laifin na maƙwabta ne. Firjinsu da na'urar sanyaya ɗakinsu, in ji shi, suna ɓata masa lantarki. Ba wai ɗauke masa wuta ake yi ba fa, a'a, wutar ce ba ta da tsabta. Shi ya sa ba ya sauraren kiɗa sai ƙarfe biyun dare. Kada ka ɗauka ƙari na yi: a 2016 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin masu wannan sha'awa a Japan da ke biyan kuɗi a kafa musu turken lantarki nasu na kansu, da taransifomarsa, a ƙofar gida.

Duk waɗannan suna da uba ɗaya, shi ne Mai Shago. Ba ya gardama da kowa, kowa ya zo shi ke da gaskiya. Ya san abin da Mai Awo ya sani, cewa idan aka kunna akwati biyu, wanda muryarsa ta ɗan ɗara ko da ƙiris ne, kunne zai ce ya fi armashi, ba tare da ya gane ƙara aka yi ba. Sai ya kunna maka mai araha, ya kashe, ya kunna mai tsada, yatsansa ya ɗan gota a kan mamurɗi. Ba zai ce komai ba, zai dai lumshe ido ya girgiza kai a hankali. Kai ma sai ka tsinci kanka kana girgizawa.

Babban abokin cinikinsa shi ne Na Ƙarshe Kenan. Ana gane gidansa da kwalaye: bai taɓa yar da ko ɗaya ba, har da leda da takardar garanti, saboda ya san kansa. Fayafayansa ba su fi goma ba, a cikinsu ma ba ya jin waƙa ta kai ƙarshe, daƙiƙa talatin ɗin da aka kaɗa kuge yake maimaitawa. Duk akwatin da ya shigo sai ya kira abokai ya sanar da su cewa neman ya ƙare, da wannan za a binne shi. Makon farko in bai yi daɗi ba, ya ce bai gama nuna ba, sai ya yi awa ɗari biyu a kunne. Kafin awa ɗari biyun su cika ya karanta a mujalla cewa kamfanin ya fitar da samfuri na biyu. Uwargida ta ga baƙon akwati a kanta ta ce, "Maigida, wannan ba baƙi ba ne jiya?" Ya ce, "Haba, musanya kawai muka yi da wani aboki, ko sisi ban cika ba." Ba ta ce uffan ba, domin ita ce ta karɓi rasit daga hannun mai kawo kaya. Ranar Asabar kuma ta ji shi a waya yana gaya wa Mai Shago cewa firi-amf ɗin dai ba shi da laifi, amma tun da ya zo ya tona asirin lasifikokin.